Kwana ɗaya a daji da jaka a baya: ta ina ake fara shiri?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Ni da abokina muna so mu shiga daji da ƙafa ranar Asabar, kowa da jakarsa a baya, mu kwana can, mu fito ranar Lahadi. Ba mu taɓa yi ba. Wane kaya za mu saya, me kuma za mu ɗauka?"

To ɗan'uwa, sannu da niyya. Na daɗe ina raka mutane irin wannan tafiya, kuma kusan kowa da tambayar kaya yake farawa. Za mu zo kan kayan. Amma ka jingine maganar saye tukuna, ka ɗauko takarda da biro, domin abin da ya fi ɓata wa sababbin shiga tafiyarsu ta farko shi ne lissafin lokaci. Wanda duhu ya riska a tsakiyar hawa, ga gajiya, ga ƙishi, tantinsa mai tsada yana cikin jaka bai san inda zai kafa shi ba.

Lissafin daga faɗuwar rana ake fara shi, a dawo baya. Ka duba ƙarfe nawa rana za ta faɗi a wurin a wannan ranar, ka cire awa biyu. Wannan ne lokacin da ya kamata a ce kun sauke jakunkuna a masauki. Awa biyun nan ba su yi yawa ba: za ku zaɓi ƙasa, ku kafa tanti, ku ɗebo ruwa ku tsabtace shi, ku dafa abinci, duk ana so a yi su ido yana gani. Sai tsawon tafiyar kanta. A 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Sai dai ƙa'idar ta mutum ce mai ƙarfi wanda ya saba, kuma ba ta ƙirga hutu. Ku da kuke ɗauke da kaya, kuma karon farko, ku ƙara rabin abin da lissafin ya ba ku. Misali hanya ce mai kilomita 8 da hawan mita 400. Naismith zai ce awa biyu da kwata. Ku rubuta awa uku da rabi, ku ƙara rabin awa na cin abinci, awa huɗu ke nan. In rana za ta faɗi ƙarfe 6:30, masauki 4:30, to ƙarshen lokacin tashinku daga bakin daji 12:30 ne. Ni da hantsi zan ce ku tashi, domin kullum akwai abin da zai ci muku lokaci: igiyar takalmi, mararrabar da ba ta cikin taswira, ko abokin da ƙafarsa ta fara ciwo.

Kada tafiyar farko ta wuce kilomita 6 zuwa 10 a rana. Na san za ka ce ai kana yin fiye da haka a gari. Kwalta dabam, duwatsu da saiwoyi da yashi dabam, kuma kilo goma sha a bayanka yana sauya komai. Ku zaɓi hanyar da za ku shiga ku fito ta cikinta. Da safe kun riga kun san ta, kuma in wani abu ya faru kun san nisan da ke tsakaninku da bakin titi. Ku kuma yanka lokacin juyawa tun kuna gida: in ƙarfe kaza ya yi ba mu kai wuri kaza ba, mu sauka a masauki mafi kusa ko mu koma. Wannan shawara a gida ake yanke ta, domin a kan hanya zuciya ba ta son juyawa, kullum cewa take saura kaɗan.

Ka nemi taswirar takarda mai layukan da ke nuna tsayin ƙasa. Inda layukan suka matsu da juna, hawa ne mai tsauri. Inda suka warwatsu, ƙasa ta kwanta. Ka sa alama a wuraren ruwa, da masaukin da kuke nufi, da wani na biyu mafi kusa. Waya tana da amfani, domin GPS ɗinta yana aiki ko babu sabis, muddin ka sauke taswirar tun kana gida. Ka sa ta a yanayin jirgin sama don caji ya daɗe, ka kwana da ita a jikinka saboda sanyi yana shanye batir. Amma waya tana faɗuwa a ruwa, tana fashewa a kan dutse, don haka takarda da kamfas, wato 'yar na'urar da ke nuna arewa, su kasance a aljihu, kuma ka koyi daidaita taswira da arewa kafin ranar.

Dokar kwana a daji ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga gandu zuwa gandu. A gandun Yosemite na Amurka sai da takardar izini ake kwana a cikin daji, kuma dole abinci ya kasance cikin gwangwanin da beyar, wata babbar dabbar daji, ba ta iya buɗewa. A Sikotilan dokar 2003 ta ba mutane damar kafa tanti a yawancin filayen da ba a killace ba, alhali a mafi yawan Ingila sai da yardar mai ƙasa. A Norwe za ka iya kwana har dare biyu a ƙasar da ba a nomawa, in ka ba gidan da ake zaune a ciki tazarar mita 150. Saboda haka ka kira masu kula da wurin da za ku je. Ka tambaye su ko ana buƙatar izini, ko an hana hura wuta, ko rafin da ke kan taswira yana da ruwa a wannan watan, waɗanne dabbobi ne ke wurin, da kuma lafiyar hanya. Minti biyar da ma'aikacin gandun daji ya fi dare guda kana bincike a intanet, domin shi jiya ma yana can.

Yanzu abin da ba na sassautawa a kansa. Kafin ku fita, ku bar wa wani mutum mai hankali rubutaccen bayani: sunayenku, inda za ku shiga, hanyar da za ku bi, inda za ku kwana, launin tantinku, lambar motar da za ku ajiye, da lambar masu kula da wurin. Ku rubuta lokaci biyu. Na farko, lokacin da kuke sa ran fitowa. Na biyu, lokacin da in bai ji daga gare ku ba zai nemi agaji ba tare da jira ba. A watan Afrilun 2003 wani Ba'amurke mai suna Aron Ralston ya shiga wani matsattsen kwazazzabo a jihar Utah shi kaɗai, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Dutse ya gangaro ya danne masa hannu. Ya yi kwana biyar a wurin, ƙarshe da kansa ya yanke hannun ya fita. Gwani ne, ya san duwatsu, kuma tafiyar yini ɗaya ya fita yi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In wurin da za ku ba shi da sabis sam, akwai ƙaramar na'urar neman agaji mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, kuma a wasu wurare ana ba da hayarta.

Sai ruwa, wanda shi ne ya fi komai nauyi a jaka: lita ɗaya kilo ɗaya ce. Mai tafiya da kaya yana shan kamar rabin lita a awa in yanayi ya yi daidai, in ana zafi ya kai lita guda. Ka haɗa da na girki, da na dare, da na safe, da na komawa, za ka ga mutum ɗaya yana neman lita biyar zuwa shida ko fiye. Shi ya sa ake kwana kusa da ruwa, a shiga da lita biyu ko uku, a cika a can. Amma in ba ku da tabbacin ruwan yana nan, ku ɗauki duka, ku rage nisan tafiya.

Kada ka sha ruwan rafi haka nan don ka gan shi garai-garai. Ƙwayoyin da ke sa gudawa, irin su jiyadiya, ido ba ya ganinsu, kuma ciwon yakan tashi ne bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da ka manta da rafin. Tafasawa ta fi kowace hanya tabbas: ya tafasa sosai na minti ɗaya, in kuna saman tsaunin da ya haura mita 2,000 ya yi minti uku. Ƙaramin matacin ruwa na matafiya yana tare bakteriya da ƙwayoyi irin jiyadiya, amma yawancinsu ba sa tare bairos. Ƙwayar magani ta kulorin dayoksaid tana bukatar kamar minti 30, sai dai akwai wata ƙwayar cuta mai taurin kai, kiriftosiforidiyom, wadda sai an jira awa huɗu. Ku tafi da hanya biyu, ko da ɗaya ta ƙi. In ruwan ya yi laka, ku bar shi ya kwanta, ku tace da tsumma kafin komai.

Sanyin dare shi ne abin da mutane suka fi rainawa, don haka bari in daɗe a kansa. Hasashen yanayin da ka gani a waya yawanci na garin da ke kusa ne. Kowane mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Ga iska, ga raɓa, ga jikin da ya gaji. Da dare kuma iska mai sanyi tana gangarowa kamar ruwa, ta taru a kwari. Wani dare a farkon fara tafiyata mun sami wani fili mai ciyawa mai laushi a gindin kwari, dab da ƙorama, muka ce mun dace. Wajen ƙarfe uku na dare na farka haƙorana suna kaɗawa. Na taɓa rufin tanti daga ciki, ruwa ya biyo yatsana har gwiwar hannu. Abokina yana zaune ya rungume gwiwoyinsa, ya sa safa a hannu. Da gari ya waye muka hau tudun da bai fi mita talatin sama da mu ba, muka tarar da ciyawar can a bushe, iskar kuma da ɗumi-ɗumi. Tun daga ranar nake neman ɗan tudu in kwana.

Ƙasa tana zuƙe zafin jiki fiye da iska, kuma jakar barci, wato bargon da aka ɗinka kamar buhu ake shiga ciki a kwanta, ba ta kare ka ta ƙasa, domin nauyinka ya matse abin da ke cikinta. Shimfiɗar soso ko ta hurawa dole ce, ko da jakar barcin ta fi kowacce kyau. In za ka sayi jakar barci, za ka ga an rubuta lambobin digiri har uku a jikin masu inganci. Ka dubi ta farko, wadda ke nuna sanyin da za a yi barci cikin daɗi. Ta ƙarshe tana nufin sanyin da mutum zai iya tsira da rai ne kawai. Ka zaɓi wadda lambarta ta farko ta yi ƙasa da digirin da ake hasashe na dare da kamar biyar.

Tufafi kuma, ka guji auduga a jikin fata. Tana shan gumi ta riƙe, kuma ruwa yana ɗauke zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Ulu ko yadin roba mai saurin bushewa za ka sa, a kai rigar ɗumi, a kai rigar ruwa mai tare iska. Ka ware riga ɗaya, da safa ɗaya, da hular sanyi, ka ƙulle su a leda, ba a taɓa su sai lokacin kwanciya. In ka ga abokinka yana rawar sanyi ba ƙaƙƙautawa, yana tuntuɓe, harshensa yana sarƙewa, ya kasa ɗaure igiyar takalmi, to zafin jikinsa ne ke faɗuwa, kuma da ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari. Ba sai ana ƙanƙara hakan ke faruwa ba. Ruwan sama da iska sun isa. Ku tsaya nan take, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa shi a jakar barci a kan shimfiɗa, a ba shi abu mai ɗumi da zaƙi in yana iya haɗiya.

To ga kayan da ka tambaya. Na farko, kada ka saya in za ka iya ara ko haya; bayan kwana ɗaya za ka san abin da kake so. Jaka mai cin lita 40 zuwa 55 ta isa, mai maɗaurin ƙugu, domin ƙugu ne ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin, kafaɗa ta daidaita kawai. Duk kayan, har da ruwa, kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka: mai kilo 70 ya tsaya a kilo 14, in ya yi ƙasa da haka ya fi. Ku biyu ne, don haka tanti ɗaya, risho ɗaya, tukunya ɗaya, ku raba. Jakar barci a ƙasan jaka, masu nauyi a tsakiya su jingina da bayanka, rigar ruwa da abin taɓawa da kayan jinya a sama. Ka zura babbar leda a cikin jakar kafin ka zuba komai. Kowannenku ya riƙe tocilar goshi da batirin canji, da usur, da ashana ko laita a leda, da 'yar wuƙa. A kayan jinya a sami filasta, bandeji, maganin ciwon jiki, gishirin haɗa ruwan gudawa, maganin sauro, da duk maganin da ɗayanku yake sha kullum.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kafa tantin nan a gida, sau biyu, na biyun da dare da tocila. Ku kunna rishon. Ku cika jaka ku yi tafiyar awa ɗaya da ita. Takalmi kuwa wanda ƙafarka ta saba da shi za ka sa. Sabon takalmi ya mayar da mutane gida fiye da maciji. Da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, ka tsaya, ka cire, ka manna filasta tun bai yi bororo ba. Minti biyar ne, kuma kada kunyar tsayar da abokin tafiya ta hana ka.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani a kwana ɗaya. Busasshe, mai saurin dahuwa, wanda ba ya lalacewa, kamar gram 700 zuwa kilo ɗaya ga mutum a rana, da ƙarin ci ɗaya wanda ba sai an dafa ba. Abu guda ne zan ja kunnenka a kai: kada ka kunna risho a cikin tanti, ko ana ruwa. Yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci ta kashe, ga yadin tanti da saurin kamawa da wuta. Abinci da shara kuma kada su kwana kusa da kanku. Ku ajiye su nesa da tanti yadda masu kula da wurin suka ce, domin ko ɓera ya isa ya huda jaka.

In kun isa masauki, ka ɗaga kai kafin ka dubi ƙasa: busasshen reshe ko mataccen itace da ya karkata, ku matsa. Kada ku kwana a busasshen rafi ko matsattsen kwazazzabo duk laushin yashinsa. A watan Agustan 1997 ambaliya ta kashe mutum 11 a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona, alhali ruwan saman a can nesa ya sauka, wurin da suke ɗan yayyafi kawai aka yi. Ku ba bakin ruwa tazarar kamar mita 60, wajen taku 70 ke nan, don dabbobi su sami hanyar sha, ku kuma ku rage sauro da raɓa. In akwai inda wasu suka taɓa kafa tanti, ku yi amfani da shi, kada ku share sabon wuri. Bayan gida ma mita 60 daga ruwa da hanya, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe. Duk abin da kuka shigo da shi, har ɓawo da leda, ku fita da shi. In an yarda da wuta, ta zama ƙarama, kuma ba a barinta sai an zuba ruwa an juya tokar har hannu ya taɓa ya ji sanyi.

Hadari in ya taso, ka ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da tsawa. Kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ne. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ku sauka daga kan tudu, ku nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai da bakin ruwa, ku jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Tanti ba ya tare aradu. Rafin da ruwansa ke gudu ya haura gwiwa, ba a tsallaka shi. A jira ya janye ko a koma. Wanda kuma za a iya tsallakawa, a kwance maɗaurin ƙugu tukuna, don in an faɗi a iya yar da jakar.

In kuka ga hanya ta ɓace muku, ku tsaya a inda kuke. Ku zauna, ku sha ruwa, ku tuna wurin ƙarshe da kuka tabbatar da shi a taswira. In komawa can a fili take, ku koma. In ba haka ba, ko duhu ya kusa, ku kafa tanti nan, ai da kayan kwana kuka zo. Busa usur sau uku a jere alama ce ta neman taimako da masu ceto suka sani, kuma usur ya fi murya kai wa nesa. Kada ku rabu da juna don wai ɗaya ya je ya duba. Da safe ka kakkaɓe takalmi kafin ka zura ƙafa, saboda kunama da makamantanta, ka kuma duba jikinka ko kaska ta kama. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nemi asibiti da gaggawa.

Daren Juma'a ka sake duba hasashen yanayi. In ya nuna ruwa mai ƙarfi ko iska, ku ɗaga tafiyar zuwa wani mako. Ranar Lahadi kuma, da kun fito inda waya ta kama sabis, kafin ku nemi abinci ko ku cire takalmi, ku kira mutumin nan da kuka bar wa takarda. Yana zaune yana duban agogo, kuma in lokaci na biyu ya cika bai ji ku ba, zai tayar da mutane su shiga daji nemanku.